Unguwar da Ba Ta da Mai Unguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Magaji,

Ina gaishe ka, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, cikin hankalinka da imaninka. Allah Ya tsare min kai a zaune da tafe, Ya kare ka daga sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Mahaifiyarka ma tana gaishe ka, ko da yake tun ranar da ta ga akwatunanka jere a bakin ƙofa ta rage magana, ta ƙara wa miya barkono. Duk muna ji a harshenmu.

Za ka yi mamakin takarda daga wurina alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Dalilin ba shi da nisa. In na zaunar da kai, kafin in gama shimfiɗar zance ka riga ka amsa min da Turanci, ka ba ni amsar tambayar da ban kai ga yi ba tukuna. Hausa kuwa a rubuce na san sai ka bi ta a hankali, kana motsa leɓe, kamar mai taka ƙanƙara a titin Parkchester. To haka nake so.

Ka ce ranar Asabar za ka tare a unguwar nan ta can ƙarshen Brooklyn, inda mutanen suka ce ba su da shugaba, su ke mulkin kansu da kansu. Ka gama karatunka, kana da aikin yi, gemunka ya fi nawa cika, ba ni da igiyar da zan ɗaure ka. Ba kuma hana ka zan yi ba. Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya: ban san hannun wa zan sa ka ba.

Bari in faɗa maka abin da nake nufi, tunda a nan aka haife ka. Ranar da zan bar garinmu zuwa Kano, kakanka, wanda kake ɗauke da sunansa, bai yi min dogon wa'azi ba. Ya kai ni tasha, ya kama hannuna ya sa a hannun direban motar, ya ce, "Ga amana, ka kai shi wurin ƙanena a Fagge." Direban ya kai ni, shi ma ya kama hannuna ya sa a hannun Kawu. Da zan ƙetaro nan, Kawu bai bar ni na hau jirgi ba sai da ya yi magana da Alhaji Idi mutumin Maraɗi, wanda gidansa a Harlem ya zama masaukin 'yan kasuwarmu. Ranar da 'yan sanda suka kwashe mu daga bakin titin 125, mu da agogunan da tabarau da muke sayarwa, ba ƙungiya ce ta zo ta tsaya min ba. Alhaji Idi ne ya zo, shi kaɗai, silifansa ma ba iri ɗaya ba saboda sauri, ya ce, "Wannan yarona ne, me ya yi?" Tun da nake ban taɓa zama a garin da babu wanda zai faɗi wannan kalma a kaina ba. Shi ya sa da ka ce mu je mu ga unguwar da idonmu, na amsa da wuri. Kai ka ɗauka yawon Lahadi za mu. Ni neman hannu na je.

Na yi kurakurai a tafiyar nan, wasu ka gani, wasu ba ka lura ba. Zan faɗa maka su yadda suka faru, don ni wucewa kawai na yi, kai ne za ka zauna.

Ka tuna shirin da na yi da safen nan. Na fito da babbar rigar da nake zuwa idi da ita, na kafa hula, na ƙunshe goro mai kyau da kwalbar turare, gaisuwar mai unguwa. Ka dube ni ka ce, "Baba, na faɗa maka babu mai unguwa." Na ce maka to. A raina kuwa na ce yaro ne, bai san ana ɓoye babba daga idon baƙo ba. Kakata da ta raine ni da tatsuniya ba ta taɓa ba ni labarin garin da ba sarki ba, sai in garin aljanu ne, su ɗin ma in ka bi labarin za ka tarar da babbansu. Muka hau jirgin ƙasa lamba shida, muka sauya jirgi, muka sake sauyawa, har jirgin ya gaji ya ce nan ya tsaya, sannan muka ƙara da bas. Mahaifiyarka na rungume da kular shinkafa kamar za a ƙwace mata, ƙanwarka Hadiza na ɗaukar hoton duk abin da ya motsa.

Ba zan ƙi gaskiya ba, wurin ya fi yadda na zata tsafta. Tsofaffin rumbunan ajiye kaya ne na bakin ruwa da masu su suka watsar, mutanen nan suka gyara suka mai da su ɗakuna, suka shafe bangon da fenti kala-kala. Ƙofar shiga da tayoyin keke aka ƙera ta. Ga kaji na kiwo, ga alayyafo da kabewa sun yi kore shar, ga manyan durom na tarar ruwan sama. Iskar teku na kaɗawa, tana kawo warin taki da kuma wani hayaƙi da hancina ya sani tun zamanin Harlem, wanda ba na turaren wuta ba ne. Na kalle ka, ka kalli kaji.

A bakin ƙofar, ƙarƙashin wata bishiya, sai ga dattijo Bature a kan kujera, gemu fari har ƙirji, sanda a tsakanin ƙafafu, kare kwance a gefensa. Na ce alhamdulillahi, ga shi nan sun fito da shi. Na tattare riga na rage tsawo, na gaishe shi da duk Turancin girmamawa da na tara a shekaruna na tuƙin tasi. Na tambayi lafiyarsa, da ta iyalinsa, da yadda yake fama da jama'a. Na miƙa goro da hannu biyu. Ya karɓa, ya jujjuya, ya gutsura, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, amma ya daure ya haɗiye. Sannan ya sunkuyo ya ce, "Na gode, abokina. Ko ka san yaushe bas ɗin komawa zai zo?"

Mahaifiyarka ta ja min hannun riga. "Baban Hadiza, tashi. Ƙwai ya zo saye. Ga kwalinsa nan a cinyarsa."

Hadiza ta yi dariya har wayarta ta faɗa cikin alayyafo. Kai kuwa ka yi kamar ba tare muka zo ba.

Neman babba da na yi ba kuskure ba ne, a nan ina kan bakana. Kuskuren shi ne na neme shi da kamannin babban garinmu. Ka tuna wadda ta zagaya da mu, Linda, 'yar siririya mai furfura da murmushi ba yankewa. Na tambaye ta matsayinta, ta dafa ƙirji ta ce, "Ni ba kowa ba ce, duk ɗaya muke a nan." Amma ina jin ƙarar makullai a aljihun rigarta duk inda muka bi, kuma ba ɗakin da muka shiga da wani ya buɗe ban da ita. Wani saurayi ya zo zai ɗauki tsani, bai ce mata komai ba, amma sai da ya dubi fuskarta kafin ya sa hannu. To ka riƙe wannan. In ka tare, kada ka tsaya a abin da suke kiran kansu. Ka dubi inda idanu ke zuwa kafin baki ya buɗe. Ba na cewa matar muguwa ce, ruwa ta ba mu mai sanyi, ta kuma yaba ɗaurin ɗankwalin mahaifiyarka. Abin da nake tsoro shi ne, mai mulkin da ya amsa sunansa, in ya zalunce ka ka san ƙofar da za ka buga. Wanda ya ce shi ba kowa ba ne, in ya taka ka, wa za ka ce ya taka ka?

Wajen abinci ma na sake zamewa. Tun daga gida na ƙudurta naman alade za su ba mu, don haka da aka kira mu dogon teburin nan na ce na ƙoshi. Cikina na kuka kowa na ji, ina cewa na ƙoshi. Ashe mutanen ko nama ba sa ci, wake ne da kabewa da ganye. Mahaifiyarka ba ta ce ta ƙoshi ba, ba ta kuma ci ba. Ta bi mai girkin kicin, wai za ta taya shi yanka albasa, ta dawo ta raɗa min, "Babu alade. Amma da idona na ga ya tuttula jar giya a miyar." Kai a lokacin ka riga ka suɗe kwanonka. Zargi ba laifi ba ne a baƙon wuri, Magaji, amma nawa zargin a kujera ya zauna yana hura hanci, bai gano komai ba. Nata tashi ya yi ya shiga kicin. Ka yi irin nata. Ka tambaya da fara'a, ka duba da idonka. Tukunyar da ta cusa maka a akwati ba don ado ba ce.

Bayan an tashi daga teburin ne na ga abin da ya fi giyar tayar min da hankali, kai kana can gaba kana nuna wa Hadiza ɗakin gyaran kekuna. A bayan wani rumbu an jingine katifa, ga kwalaye an rufe da leda, ga takalman mutum an jere su a kai da kyau. Na tambayi Linda kayan wane ne. Ta sassauta murya ta ce na wani ɗan'uwansu ne da taro ya yarda zamansa da su ya zo ƙarshe. Na ce wa ya kore shi? Ta ce, "Ba wanda ya kore shi. Mun dai yarda gaba ɗaya." Na ce to me ya yi? Ta ce ba sa maganar mutum a bayan idonsa. Na yaba wannan ɗabi'a a baki, amma na daɗe ina kallon takalman. Mu a wurinmu in yaro ya yi laifi, ubansa zai sa hula, ya ɗauki dattijo, a je gaban babba a ba da haƙuri. Ko an ƙi, an dai san wanda ya ƙi, za a koma masa gobe, za a bi ta wurin amininsa ko ta wurin uwarsa. Wannan bawan Allah fa? Ubansa zai zo ya durƙusa wa "gaba ɗaya"? A wane ɗaki "gaba ɗaya" yake?

Sai babban kuskuren, wanda har yau in na tuna nake jin zafi a ƙeyata. Aka buga wata tsohuwar tukunyar ƙarfe da suka rataye a matsayin ƙararrawa, aka ce lokacin mitin ya yi. Ba ka faɗa min a ranar za a yi maganar tarewarka ba, wannan kuma shari'ar wata rana ce tsakanina da kai. Aka zauna da'ira a ƙasa a kan matasai, babba da yaro, mace da namiji, har da karen wani. Ni aka ba ni kujera saboda shekaru. Dokarsu ita ce ba mai magana sai yana riƙe da wani ƙaton ludayin katako, in ya gama ya miƙa wa na gaba. In sun yarda da zance ba sa cewa haka ne, sai su ɗaga hannu su karkaɗa yatsu kamar masu kaɗe ruwa. Aka daɗe ana shawarar ko a yi wa akurkin kaji shuɗin fenti ko kore. Duk an karkaɗa yatsu a kan shuɗi, sai wani dattijo baƙar fata ɗan ƙasar nan, dogo, mai ɗingishi, ya miƙa hannu aka ba shi ludayi, ya ce shi bai yarda ba, ba wanda ya tambaya ko fentin zai cutar da kajin. Aka yi ajiyar zuciya. Na ji wata ta ce a hankali, "Walter ke nan." Na raɗa wa mahaifiyarka, "Ga Sarkin Musu." Ban ɗauke shi bakin komai ba.

Daga kaji aka zo kanka. Linda ta kira ka da guntun sunan nan da suke kiranka, sunan mahaifina an datse shi kamar rake, ta ce tunda iyayenka na nan abin farin ciki ne, a ba uba ludayi ya faɗi wani abu game da ɗansa. Sai ga ludayi a hannuna, ido duk a kaina.

Magaji, kai ne ɗana na fari. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa yabonka a gaban mutane ba, ban ɗauke ka a kafaɗa a gaban surukaina ba. Ba rashin so ba ne. Haka aka yi min, haka na ga ana yi, kunyar ɗan fari ce. Kai ka san wannan, ko da kana yi mata dariya. Su ba su sani ba. Na juya ludayin, na leƙa cikinsa, na ce, "Yaro ne dai. Ba shi da laifi sosai." Na miƙa wa na gaba. Na ga wata mata ta dube ka da tausayi, ta dafa maka kafaɗa kamar maraya.

Sannan Linda ta ce, "Akwai mai ja? In akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, yanzu ne lokacin." Tawa zuciyar ba ta kwanta ba ko kaɗan, tsaye take da takalmanta. Amma ni a tarbiyyata ba a tattauna makomar ɗa a tsakiyar fili, gaban yara da kare. Na sunkuyar da kai na yi shiru, irin shirun da in na yi shi a gida kai da Hadiza kuke kashe talabijin da kanku. A garinmu in uba ya yi wannan shirun sai a ce, "To, a bar maganar tukuna," bayan an watse wani dattijo ya ja shi gefe ya ji ta bakinsa. Ina nan ina jira a ce a bar maganar. Na ɗaga kai, sai yatsu ko'ina a sama. Linda ta ce, "Madalla, kowa ya yarda, har da iyalinsa." Aka rungume ka. Wani ƙato mai zobe a hanci ya zo ya rungume ni ni ma, da babbar rigata da komai.

A bas mahaifiyarka ta ce, "Baban Hadiza, yau ka bayar da yaro bakinka a rufe."

Wannan ita ce nasihar da ta fi nauyi, ka karanta ta sau biyu. Kai ɗana ne, ko ka ƙi ko ka so kawaicin nan yana jikinka. Na sha ganin an ɓata maka rai ka yi shiru ka shige ɗaki, kana jira a lura. A gidan nan ana lura, uwarka ta bango take jin shirunka. A can ba mai lura, shirunka a wurinsu sa hannu ne. Ranar da za a ce ɗan lungun da kake salla za a mai da shi wurin rawa, ko a ce zaman wani ya ƙare alhali ba ka ga laifinsa ba, kada ka yi musu shirun Bahaushe. Ka miƙa hannu ka karɓi ludayin, ko muryarka na rawa, ka ce ban yarda ba. In an yi maka kallon mai ɓata taro, ka haƙura da kallon.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba. Na koma. A tsakiyar mako, kana wurin aiki, na ajiye wani fasinja a Flatbush, na ce tunda na zo nan bari in ƙarasa. Na bar tasi a waje don ba a shiga musu da mota. Na tarar da su a mitin, da alama ba sa rabuwa da shi, na zauna na jira ludayi ya zagayo, ya daɗe bai iso ba don rigimar wanke-wanke ake. Da ya zo hannuna na miƙe tsaye, na ce musu ni ne uban wanda zai tare ranar Asabar, kuma shirun da na yi rannan ba yarda ba ne, al'ada ce. Na ba su labarin direban tasha da na Alhaji Idi a taƙaice. Na ce ban zo hana ɗana ba, na zo neman mutum ɗaya, mai suna ɗaya da waya ɗaya, wanda zai ce ya karɓi amanarsa.

Sun saurare ni da kyau, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba. Wata ma har ta share hawaye. Linda ta karɓi ludayi ta ce maganata ta taɓa zuciyar kowa, in kwantar da hankalina, dukkansu za su kula da kai. Yatsu suka tashi. Na sake neman ludayin na ce na gode, amma in ɗana ya daina ɗaukar waya, ina lambar "dukkanmu"? Wasu suka yi dariya, suna tsammanin wasa nake. Wata yarinya da ta aske kanta tas ta ce da ni, cikin irin ladabinsu, kai babban mutum ne ba kaya ba, ba a miƙa ka hannu zuwa hannu. Na ce gaskiyarki, 'yata, ba kaya ba ne, kaya in ya ɓata ana sayen wani. Daga nan aka ce maganar mai zurfi ce, za a kafa kwamiti ya duba ta. Na ajiye ludayin na yi musu sallama.

Na kusa isa mota na ji ana ɗingishi a bayana. Sarkin Musu ne.

"Direba," ya ce, "tsaya, ƙafar nan ba ta tsere."

Na tsaya. Ya jingina da tasina yana haki, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kwamitin nan ba zai taɓa zama ba, ka sani ko?"

Na ce na sani, mu ma muna da irinsa a masallacinmu.

Ya yi dariya har da tari. Sai na tambaye shi takalman nan na bayan rumbu. Dariyar ta tsaya. Ya ce yaron ba ɓarawo ba ne, bai doki kowa ba. Aikinsa ne ya tsaya, ya shiga damuwa, ya daina fitowa mitin, ya daina wanke kwanonsa, mutane suka gaji da fuskarsa. Ya ce, "Duk lokacin da aka kawo maganar ina cewa a'a. Sai na kwanta asibiti aka yi min aikin gwiwar nan. Da na dawo na tarar da katifarsa a waje. Kowa ya yarda, in ji su. Gaskiya ne kuwa, duk wanda ke wurin ya yarda."

Na ce to me ya zaunar da kai a cikinsu har yanzu?

"Rufin ɗakunan nan da hannuna na aza yawancinsu. Kuma mutanen kirki ne, direba, kada ka yi kuskure. In ka yi mura za su yi ta kawo maka miya har ka roƙe su su daina. Ɗaya-ɗaya ba ka da abin cewa a kansu. Sai sun zauna da'ira ne ake buƙatar mai taurin kai."

Na ce to ni mai taurin kan nake nema. Ya girgiza kai ya ce shi ba ɗan sanda ba ne, ba zai bi ka yana leƙen da wa kake hira ba, ba kuma zai tashe ka salla ba, don shi ko hanyar cocinsu ya manta. Na ce ban nemi wannan ba, sallarka tsakaninka da Ubangijinka ce. Ya murza gwiwa. Sannan ya ce, "In ya kwanta bai iya tashi ba, zan kira ka. In aka kawo sunansa da'ira zan ce a'a, kuma zan kira ka kafin a sake buga tukunyar can. Ko asibiti zan koma, sai na bar wanda zai sanar da ni. Amma ba na ƙulla magana a bayan mutum. Ka kawo shi da kanka, ka yi abin hannun nan naku a gabansa, in ji ya ce ya yarda. Da bakinsa, ba da yatsu ba."

Muka yi musayar lamba. Ya ce in sa sunansa daidai a wayata, na ce ai na riga na raɗa maka wani. Na fassara masa, ya ce wannan ne muƙami na farko da aka taɓa ba wani a unguwar.

Na san ranka zai ɓaci da ka kawo nan. Za ka ce na je na kunyata ka a gaban abokan zamanka tun kafin ka tare. Yi fushinka, ka bugo ƙofa in kana so, maƙwabcinmu na ƙasa ya saba. Ban canza ra'ayi a kan wurin ba. Har yanzu ban yarda da unguwar da kowa ke murmushi lokaci ɗaya ba, kuma ban ga yadda za a yi mutane su kori mutum sannan a ce ba wanda ya kore shi ba. Mutum ɗaya na yarda da shi, shi ma rabin yarda, don hirar jikin mota kawai muka yi. Amma rabin yarda da mutumin da na san sunansa ta fi min cikakken alkawarin taro.

Ga abin da nake so. Ranar Asabar da hantsi zan kawo tasi ƙofar gininmu, in kashe mita, in buɗe but. In ka sauko da akwatunanka, ni zan kai ka. Ba ɗakinka za mu fara zuwa ba, ƙofar Walter za mu buga. Zan kama hannunka, da gemunka da digirinka, in sa a nasa, a gaban duk wanda ke tsaye. Za ka ji kunya, na sani. Ni ma zan ji tawa, don a ranar dole in faɗi sunanka na yanka da bakina, cikakke, yadda zai san wanda aka ba shi. Ina ta gwadawa a mota ni kaɗai tsakanin fasinja da fasinja, har yanzu ya ƙi fitowa.

In kuwa ka ga ba za ka iya ba, ba zan yi maka baki ba, Allah Ya kiyaye. Ka san hanyar jirgi. Makullin gidan nan ka riƙe shi a jikinka, kada ka zuba shi a kwandon da suke tara na kowa. Sai dai akwatunan kai za ka ɗauka. Ni zan zauna a motar har azahar, sannan in tafi neman fasinja.

Allah Ya sa ka sauko. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da maƙwabtan kirki, Ya ba ka bakin cewa a'a a inda ya kamata, da kunnen jin gaskiya ko daga wa ta fito. Ya kare maka sallarka da cikinka da mutuncinka, Ya raba ka da ciwo a inda ba ma kusa. Duk ranar da ka juyo gida, ko ziyara ko da kayanka a ka, Allah Ya kawo mana kai lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Parkchester.